Na Ruwan Sama Ne

Ku da kuke cewa ban ruwa ba sana'a ba ce, wai buɗe famfo ne a rufe, ku gyara zama. Jiya ina jin ku a bakin shagon tela, ɗayanku yana ɗaga waya yana cewa ita za ta riƙa gaya masa ranar da za a yi ruwa, don haka lambun lemon da kuke shirin yi a bayan Ota ba ya buƙatar shawarar tsoho. Ban tanka ba don a gaban mutane ne. Amma ni Sale, da ake ce wa Sale Lemo a Agege tun ba a yaye iyayenku ba, ba na yarda da kowane irin awo sai na san wanda ya kusance shi kafin ni. Akwai dalili, kuma shi zan ba ku yau.

Na zo Ikko a taragun shanu, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Aikina a hanya shi ne in hana shanu kwanciya, don in ɗaya ta kwanta sauran tattake ta za su yi. Da muka sauka Agege aka kora su zango, sai na ga ba ni da sauran amfani wurin kowa. Agegen lokacin ba wannan ba ce da kuke kutsawa tsakanin motocin danfo da baburan okada. Kana barin tashar jirgi ka ɗan taka, sai gonakin goro da koko da lemo, inuwa ko'ina, ƙasa ja. A ɗaya daga cikin lambunan nan na sami aikin ɗaukar garwa a ƙarƙashin wani tsoho Bayarabe, Baba Lasisi, wanda ya daɗe yana aiki da Turawan gona kafin su tafi.

Aikin farko da ya ba ni, itace guda ne. Ya ce in shayar da shi. Na ciko garwa biyu na juye a gindinsa har ruwa ya kwanta a jikin kututture, na tsaya ina jiran a yaba mini. Baba Lasisi ya zo ya duba, ya ɗauki sandarsa ya dungure mini ƙeya. Da Hausarsa ta 'yan kasuwa ya ce, "Yaro, kashe shi na ce ka yi?" Ya ja ni zuwa wani itace da ke can gefe, ya nuna mini inda ɓawonsa ya tsage yana zubar da ƙaro, ganye duk ya yi rawaya. Ya ce wannan ma wani mai kirki irina ne ya shayar da shi. Lemo ba ya sha ta gindi. Jijiyoyin da ke sha suna can inda inuwar rassansa ta ƙare, don haka a nan ake zagaya masa rami kamar zobe, a zuba ruwa a ciki, kututture kuwa a bar shi a bushe. Na yi damina biyu ina haƙa zoben nan kafin ya bar ni na taɓa wuƙar aure, wadda ake yanko idon lemo mai zaƙi da ita a ɗaura a jikin na tsami.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne kwalbar ruwan sama. Wani gwangwani ne na tagulla da aka kafa a fili, nesa da itace da rufin ɗaki, da mazurari a bakinsa da kwalba a cikinsa. Kowace safiya a juye abin da ta tara cikin wani siririn gilashi mai zane-zane, a karanta, a rubuta da alli a jikin ƙofar sito, a zubar. Kusa da ita akwai wani faffaɗan daro cike da ruwa, an rufe shi da ragar waya. Kwalba tana gaya maka abin da sama ta bayar, daro yana gaya maka abin da rana da iska suka kwashe. In abin da aka kwashe a mako ya fi abin da aka bayar, sai ka cike gibin da garwa. Lissafin ke nan duka, ɗan firamare ma zai iya. Abin da ba zai iya ba shi ne gane ranar da suke yi masa ƙarya. Ganye yakan toshe mazurari, ƙadangare yakan faɗa kwalba, akuya takan ture raga ta sha daga daro ka wayi gari ka ce rana ta yi zafi jiya. Shi ya sa Baba Lasisi ba ya rabuwa da wani siririn rodi. Bayan ya karanta gilashi sai ya je ƙarƙashin itace ya danna rodin a ƙasa. In ya shige da sauƙi, akwai laima. In ya tsaya, to ko kwalba ta cika ta batse, garwa za mu ɗauka.

Abu na uku kuwa shi ne wanda ke kayar da duk Bahaushen da ya zo kudu. Mu a gida damina ɗaya ce, kuma tsakiyarta ita ce marka. Watan Agusta ruwa ba ya ɗaukewa, katanga tana faɗuwa, tuwo yana tsami kafin safe. Ba wanda ya taɓa jin an yi ban ruwa a marka. Ranar da Baba Lasisi ya ce in ɗauki garwa a watan Agusta, sai na kalli sama, ga gajimare ya rufe rana, na ce a raina tsohon nan mugunta yake ji da ita. Ya lura da fuskata ya yi dariya. Ya ce a ƙasarsu damina tana zuwa ne sau biyu, kuma a daidai lokacin da mu muke marka ita take hutawa. Sama ta yi duhu, iska ta yi sanyi, a ɗan yi yayyafi wanda ba zai jiƙa hular mutum ba, ƙasa kuwa ta ciki tana bushewa. Kuma a lokacin ne 'ya'yan lemo suke girma. In suka sha ƙishirwa, fatarsu sai ta yi tauri ta daina miƙewa. Ruwa na dawowa da ƙarfi, cikin ya kumbura, fata ta kasa, sai lemo ya tsage a kan itace. Ban yarda ba sai da ya ba ni rodi na danna da kaina.

Masu saye ma wata makaranta ce. Akwai matan kasuwa irin su Iya Sikira, wadda takan sayi lambu guda tun lemo yana kore. Ta shigo tana gaisuwa har ƙasa, tana tambayar iyali, idonta kuwa yana kan rassa. Duk itacen da ta tsaya ta yi wa tsaki, shi ta fi so. Akwai kuma 'yan uwanmu masu fere lemo a Idumota da bakin tasha. Su ba ruwansu da kyan ido. Mutum zai ɗauki lemo ɗaya ya auna a tafin hannu, ya danna da babban yatsa, ya gaya maka ko an shayar da itacen ko an yi masa rowa. Lemon da ya sha daidai yana da nauyi, fata siririya, wuƙa tana zagaya shi ba ta katse ba. Ba ka iya yaudarar mai fere, kuma shi ma kar ka bari ya ƙidaya kwando shi kaɗai.

Bayan yaƙin basasa, da kuɗin fetur suka fara yawo, wani dillalin shanu, Alhaji Ɗan'azumi, ya sayi fili a bayan gari ya ce lambun lemo yake so. Ba don ya san lemo ba. Ya ga manyan mutane suna yi ne. Baba Lasisi ya tsufa a lokacin, shi ya ce a ɗauke ni. Da hannuna na yi renon itatuwan lambun nan tun suna cikin leda, na aurar da su ɗaya bayan ɗaya, na dasa, na zagaya musu zobe. Alhaji ya haƙa rijiya, ya sayo injin ban ruwa mai shan gas da dogon tiyo, ya sayo kwalbar ruwan sama da ƙyar. Daro kuwa ya ce ba zai sayi kwanon wanka ya ajiye wa rana ba.

Rigimarmu ta farko a kan marka ce. Na je neman gas a watan Agusta, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Sale, wa ka taɓa ji yana ban ruwa a marka in ba mai sayar wa direbobi gas ba?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai shi gaban kwalba na juye ta a gabansa, ko ɗigo babu. Na ce, "Alhaji, ni zan iya ƙarya, wannan ba ta yi." Ya ce to shi ke nan, daga yau ita ce alƙali. In ta ce ba a yi ruwa ba a ba ni gas, in ta ce an yi kar in sake tunkararsa. Ya kawo ɗan ƙanwarsa Hamisu ya damƙa masa makullin sito inda ake ajiye gas, ya ce kullum da safe mu karanta tare. Na amince, har ina jin daɗi wai na yi nasara.

Shekarar da itatuwan za su ba da amfaninsu na farko mai yawa ita ce shekarar da fari ya yi tsanani a arewa. Mutane suka riƙa sauka daga jirgi ba kaya ba guzuri, zango ya cika. Cikinsu akwai wani dattijo daga ƙasar Sakkwato, Baba Arzika, wanda shanunsa suka ƙare, geronsa ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Alhaji ya ji tausayinsa ya ba shi gadin lambu. Mutum ne mara surutu, yana jan ƙafar hagu in yana tafiya, kullum butarsa tana hannu. In ina tayar da inji yakan zo ya tsuguna yana kallo. Ya taɓa tambayata me ya sa nake ɗura wa inji ruwa a baki alhali shi ake jira ya kawo. Na ce masa ai ba ya ja sai an fara ba shi. Wata rana kuma ya nuna gwangwanin tagulla ya ce, "Wanga hwa, na mi ne?" Ina cikin fama da tiyo da ya fashe, na ce, "Na ruwan sama ne, Baba." Ya gyaɗa kai ya tafi.

A shekarar ne kuma Alhaji ya fara canza magana. Gari yana matsowa, masu gini suna bin fili kamar ƙuda. Wata Juma'a bayan masallaci, ranar da yakan leƙo lambu, ya ce da ni, "Sale, na gaji da ciyar da itace. In bana lemon nan bai nuna mini fuska ba, sarewa zan yi in yanka fulotai." Ya faɗa yana murmushi, amma na san ba wasa yake ba, don na ga masu awon fili da sarƙarsu suna zagaya shingenmu. Itatuwan kuwa sun ɗauki 'ya'ya har sai da na tokare wasu rassa da gora. Abin da ya rage kawai a raka su su wuce hutun Agusta.

Ruwa ya ɗauke kamar yadda ya saba, har ma ya riga lokacinsa. Na shirya tiyo, na share zobba. Da safe muka je da Hamisu muka buɗe gwangwani, sai ga ruwa a kwalba. Ban damu ba. Ni a cikin gari nake kwana, kuma ruwan Ikko yakan sauka a wannan unguwa ya bar waccan. Washegari ma ga ruwa. Jibi ma haka. Hamisu yana rubutawa a ƙofar sito yana kaɗa makulli a yatsa, yana cewa, "Oga Sale, bana markar gida ce ta biyo mu." Na ɗauki rodi na je ƙarƙashin itace na danna, ya shiga kaɗan ya tsaya. Na koma wani, haka. Ganyen ayabar da ke bakin rijiya ƙura ce a kansa. Na duba alƙaluman da ke jikin ƙofa, sai na ga kusan abu ɗaya ne kowace rana. Sama ba ta auna kyautarta da mudu. Nan na san hannun mutum ne.

Ranar Juma'a na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Wa ya ce ba ta ƙarya?" Na ce ni ne. Ya ce, "To yau kuma da ta hana ka gas ta zama maƙaryaciya?" Na miƙa masa rodi na ce ya danna da kansa. Ya ce shi ba ya zo haƙar kabari ba ne, ya shiga motarsa. Na tsaya ina kallon ƙurarsa, wallahi kamar in jefe ta.

Hamisu na fara zargi, kuma ku ma da shi za ku fara. In ba a kunna inji ba gas yana nan, in gas yana nan akwai mai saye a bakin titi. Na faki idonsa ranar da ya bar sito a buɗe, na tsoma kara a cikin duro. Cike yake, ko taɓa shi ba a yi ba. Maimakon hankalina ya kwanta sai na ce yaron nan ya fi yadda nake zato wayo, jira yake a manta. Sai na koma kan Iya Sikira, don a makon ta zo ta zagaya, ta ga ganye ya fara naɗewa da rana, ta ce in Alhaji yana so ta rage masa asara ta ɗauka yanzu. Wa ya gaya mata za a yi asara? Har Alhajin kansa ban bari ba. Na ce wataƙila ya riga ya yi ciniki da masu gini, yana neman hujjar da zai sare ba tare da an ce ya wulaƙanta ni ba. Na daina cin abinci da kowa a lambun. Mutum ya yi mini sallama sai in tsaya ina tunanin me yake nufi.

Wata safiya na kai gilashin awo baki na kurɓa. Hamisu ya ce, "Ikon Allah, yau kuma sha ake yi?" Ruwan sama ba shi da ɗanɗano. Wannan kuwa ƙarfe-ƙarfe yake yi, irin na rijiyarmu, wadda takan bar ja a gindin bokiti. Na ce masa ya sha ya ji. Ya ce goron da na ci ne. Na ce masa ɓarawo, ya ce mini mahaukaci, muka cakumi rigunan juna, sai Baba Arzika ne ya jawo ƙafa ya zo ya raba mu yana cewa mu ji tsoron Allah. Hamisu ya yi rantsuwa da abin da zai kashe shi cewa bai taɓa kwalbar ba. Ban yarda ba, amma na lura idonsa ya kawo ruwa, kuma ɓarawo bai cika yin haka ba.

A lokacin ƙananan 'ya'ya sun fara zubowa. Ina tafiya ina jin su a ƙarƙashin takalmina. Ni da garwa biyu ba inda za mu kai a lambu irin wannan, amma na riƙa ɗiba da guga ina bin waɗanda suka fi jigata, har kafaɗata ta sale. Ran nan kafin in tashi da yamma, na kwaso toka daga murhun mai gadi na barbaɗa siririya kewaye da gwangwanin. Da safe na riga Hamisu zuwa. Ga sawu nan a fili, takalmin taya, ƙafar dama ta taka sosai, ta hagu ta ja layi. Na daɗe a tsugune. Na ce to, sun sayi tsoho ke nan. Mutumin da ya rasa komai, ko sule biyu aka nuna masa zai yi.

Washegari daga sallar asuba ban koma gida ba, na hau keke na nufi lambu. Gari ya fara haske lokacin da na jingine keken a bayan shinge. Ina tsaye sai ga Baba Arzika ya fito daga bukkarsa da buta. Bai waiga ba, bai yi sanɗa ba. Ya je gaban gwangwani ya tsuguna, ya yi bisimilla a bayyane, ya tsiyaya ruwa a mazurari a hankali, sannan ya ɗaga kai yana kallon sama, bakinsa yana motsi. Na fito ina huci na ce, "Baba, wa ya sa ka?"

Ya juyo da fara'arsa. "A'a, Malam Sale, ka yi sammako. Ba wanda ya sa ni."

"Nawa aka ba ka?"

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Mi na yi?"

Na ce ya gaya mini abin da yake zubawa a nan da kuma dalili. Ya dube ni kamar ni ne ban gane ba. Ya ce, "Kai ka ce mani na ruwan sama ne. Kuma kai ka ce injin bai ja sai an hwara ba shi. Na ga an kahwa shi yana kallon sama, bakinai buɗe, ba kowa ba shi komi, ga marka tana wucewa. Na ce haka munka zauna a gida muna kallo har gero ya ƙone. Shi ne nike ba shi kaɗan cikin ruwan alwalata, ko Allah ya sa ya jawo."

Na zauna a ƙasa na yi masa bayani dalla-dalla, cewa kwalbar awo take yi, ba ta kira, ba ta ja. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, Allah shi ba mu ruwa." Na san bai karɓa ba. Ladabi kawai ya yi mini.

Ranar ban jira Juma'a ba, na je har kara na samo Alhaji cikin shanu. Da muka zo, tun ban yi magana ba Baba Arzika ya faɗa masa komai da bakinsa, ba tsoro ba ɓoyo. Alhaji bai yi wa tsohon faɗa ba, don shi ma garinsu ba a girbe komai ba a shekarar. Ni ya juyo ya kalla ya ce, "Alƙalin naka ke nan." Sannan ya ce wa Hamisu ya buɗe sito.

Ku da kuke cewa buɗe famfo ne, ga inda za ku saurara. Itacen da ya daɗe da ƙishirwa ba a cika masa ciki rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ba shi har fatar 'ya'yan ta saki. Rijiya kuma ta ja baya, in inji ya ɗan yi aiki sai ya fara zuƙo laka, a kashe a jira. Ni da Hamisu, wanda ko kallona ba ya yi, muka riƙa jan tiyo daga layi zuwa layi tun safe har magariba. Ba mu kai rabin lambun ba ruwa ya dawo. Kuma da ya tashi dawowa bai yi sallama ba, kwana da kwanaki yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗan tsagaita na shiga cikin itatuwa. Duk inda na ɗaga kai lemo ne ya buɗe baki, ruwansa yana ɗiga, ƙudaje da zuma sun taru. Layukan da muka samu muka shayar ne kawai suka tsira. Ina tsaye a nan sai ga Baba Arzika jiƙe sharkaf, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya kama hannuna ya ce, "Ka gani, Malam Sale? Ya zo." Na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba a sana'ar nan.

Iya Sikira ta ɗauki abin da ya tsira yadda ta ga dama. Masu fere suka ɗaga sauran suka ajiye. Kafin azumi Alhaji ya kawo masu gatari. Har yau ban bar zargin cewa ko lemon ya yi kyau da sai ya sami wani dalilin ba, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, ya riga mu gidan gaskiya. Ni dai na tsaya aka sare itatuwan da na aurar da hannuna, daga na bakin ƙofa har na bakin rijiya. In kun bi ta wajen yanzu, akwai wani gidan sama mai shagon gyaran fanka a ƙasa. A nan kwalbar take a da.

Na yi aiki a wasu lambunan bayan nan, can wajen Ota da gaba, har ƙarfina ya ƙare. Duk inda na je, kafin in kafa kwalba sai na tara kowa, daga mai gadi har mai shara, na gaya musu aikinta da abin da ba aikinta ba, in sa kowa ya maimaita mini. Sannan in zagaye ta da waya in sa kwaɗo, makulli a aljihuna. Sannan duk da haka in ɗauki rodi. To ku je ku yi lambunku, ku duba wayarku, ban hana ku ba. Amma waya ba ta san ƙasar da ke ƙarƙashin itacenku ba, kuma ba ku san wanda ya ɗura mata abin da take gaya muku ba. Ku nemi rodi.

Da aka gama sara ba sauran abin gadi, Baba Arzika ya ce zai koma gida ya gwada damina mai zuwa. Ni na raka shi tashar jirgi, ina ɗauke da ƙullin kayansa. A hanya ya yi ta jan magana, sai da muka ga jirgi sannan ya fito da ita. Ya ce tunda an tashi lambu, ko Alhaji yana da sauran buƙatar abin nan na ruwan sama? Garinsu ba su da ko ɗaya. Gwangwanin yana cikin buhuna a lokacin, na cire shi ne don in tafi da shi sabon wurin aiki. Sau uku ina yi wa mutumin nan bayani a baya. Na dube shi, na dubi taragun da zai shiga, cike da mutanen da za su koma gonakin da suka gudo daga gare su. Na kwance buhu na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya naɗe a cikin bargonsa. Da ya hau ya sami wuri, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Sale, sau ɗaya a yini ya isa?"

Na ce, "Ya isa, Baba."